Bokitin ruwa ne ya karya mini baya

Duk wanda na faɗa wa cewa bokitin ruwa ne ya karya mini baya sai ya dube ni kamar bai ji daidai ba. To abin da ya faru ke nan. Wata safiya ce cikin hunturu, na sunkuya a bakin famfon tsakar gida zan ɗaga bokitin da ko cika bai yi ba, sai na ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayana. Numfashina ya ɗauke. Na durƙushe a wurin, ko sunan 'yata da ke ɗaki tana shirin makaranta na kasa kira. Shekaruna 43 a lokacin.

Sai daga baya na gane cewa shekara 10 aka yi ana shirya wa wannan safiya, kuma da hannuna aka yi wani ɓangaren shirin.

Ni mai kitso ce. A Funtuwa aka haife ni, a nan na yi aure, kuma wurin Innata na gaji sana'ar. Jajibirin salla tun daga asuba har tsakar dare ba na tashi daga kan kujera 'yar tsugunno, wannan shuku, wannan kalaba, wannan doka. Yatsun nan su suka yi wa yarana ɗinkin salla, su suka zuba mini adashi shekara da shekaru. Bayan haihuwata ta huɗu, ina gama arba'in ba da daɗewa ba, sai na fara tashi da safe yatsuna a sandare. Ba na iya dunƙule hannu. Matse tsumman jariri ya zama aiki. Kuma abin ba hannu ɗaya ba ne, duk gaɓar da ta kumbura a dama sai 'yar uwarta ta hagu ta kumbura, kamar sun yi shawara. Wuyan hannu ya shiga, tafin ƙafa ya bi, in na sauko daga gado sai in ji kamar tsakuwa nake takawa. Ba na warwarewa sai hantsi ya dubi ludayi.

Goggona ta zo ta duba ni ta ce sanyin jego ne, ban gasu a wanka ba. Aka sake ɗora tukunya, aka ƙara mini kwanaki ina wanka da ganyen darbejiya, ana dama mini kunun kanwa. Aka yi ƙaho, aka yi shafe-shafe, aka kawo jiƙe-jiƙe. Wata ma cewa ta yi jifa ne, saboda yawan masu zuwa kitso wurina. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, kowa da abin da ya sani ya zo taimako.

Wata ranar da ciwon ya hana ni ko ɗaukar jaririna, maƙwabciyata ta aiki yaro wani kemis ya karɓo mini haɗi. An ƙulla shi a 'yar leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar, a cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar fara. Na sha da daddare. Wallahi da na farka sai da na yi kuka don murna. Na dunƙule hannu na buɗe, na sake dunƙulewa. A ranar na yi wa mutum uku kitso.

Daga nan 'yar ledar nan ta zama abokiyar zamana. Da farko sai ciwo ya taso nake sha, daga baya kullum, daga baya kuma na gane cewa 'yar farar ce mai aikin, sai na riƙa aikawa a sayo mini ita kaɗai, kati-kati. Sunanta firedinisolon. In babu ita a ba ni 'yar uwarta deksametazon, wadda 'yan mata ke sha don ƙiba suna ce mata sha-ka-fashe. Fuskata ta cika ta yi zagaye, mutane na cewa na murje, Baban yara ya iya kiwo. Wani tozo ya fito mini a bayan wuya. Fatata ta yi laushi har ɗan gogar ƙofa sai ta bar mini tabo. In na gwada dainawa kwana biyu sai jiri, kasala da amai su kwantar da ni, ciwon ya dawo ya fi na da, sai in koma. A duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayata tun yaushe nake sha, ni ma ban taɓa tambayar me take yi a jikina bayan kashe ciwo ba.

Akwai wani abin da na yi wa kaina kuma ina ganin gata ne. Tunda an ce sanyi ne, sai na guji duk abin da aka ce kayan sanyi ne. Na bar nono da kindirmo, ni da na tashi ba na wuni ban sha fura ba. Na daina fita unguwa, na daina zagayen biki da suna, na koma ɗaki na rufe taga. Wata sai ya wuce rana ba ta taɓa fatata ba in ban da fuska da tafin hannu. In ciwo ya tashi sai in yi sati a kwance. Al'adata kuma ta ɗauke ina da shekara 41, ban ɗauki hakan a bakin komai ba.

Alamu sun zo, ni ce ban san yarensu ba. Hijabin da nake sawa shekara da shekaru ya fara jan ƙasa, na ce tela ne ya yi masa tsawo, alhali ba sabo ba ne. Kantar da nake ajiye kwanuka ta fi ƙarfin hannuna. Bayana na yi mini wani ciwo mai nauyi in na daɗe a tsaye, na haɗa shi da sauran ciwon na ci gaba da shan ƙwayata.

Ranar da bokitin ya kayar da ni, mai ɗori aka fara shirin kirowa. Allah Ya sa ƙanin maigidana, wanda ma'aikacin jinya ne, ya shigo gaisuwa. Ya ce, "Yaya, kada a bari kowa ya ja bayan nan ko ya danna shi sai an yi hoto." Aka shimfiɗe ni a bayan mota zuwa asibiti. Hoton ya nuna biyu daga cikin ƙasusuwan gadon bayana, waɗannan da ke jere kamar tubali, sun lotsa. Ɗaya sabo ne, na wannan safiyar. Ɗayan kuwa tsoho ne, ya karye ya warke a lotse ban taɓa sani ba. Aka tura mu asibitin koyarwa a Zariya.

Likitar da na samu a can ba ta fara da bayana ba. Hannuwana ta kama ta juya, ta daɗe tana kallon yatsun da suka fara karkata wajen ɗan ƙaramin yatsa. Ta ce, "Hajiya, shekara nawa hannun nan yake haka?" Na ce goma. Ta ce, "Me kike sha?" Na buɗe jaka na miƙa mata katin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kada ki daina shan wannan yau, kada ki daina gobe. Tare za mu rage shi a hankali. Yanke shi lokaci ɗaya zai iya kashe ki." Ta bayyana mini cewa akwai wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da ke samar wa jiki irin wannan sinadarin da kansa, to in an daɗe ana ba jiki daga waje sai su yi barci, tashinsu kuma sai a hankali.

Aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito ta ba ciwon sunansa, wanda ban taɓa ji ba a shekara goman da na yi ina fama da shi: amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid. Ba sanyi ne ke kawo shi ba, ba rashin wankan jego ba ne. Garkuwar jiki ce, wadda Allah Ya yi don ta yaƙi cuta, take rikicewa ta juya kan tantanin da ke lulluɓe da gaɓɓai, ya kumbura ya yi kauri. Ta ce ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza, kuma sananne ne yakan lafa lokacin goyon ciki ya taso bayan haihuwa. Nan na tuna da tukunyar Goggo, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, domin shekara goma ina zargin kaina da sakaci.

Na tambaye ta abin da ya fi ɗaure mini kai. Ciwona a yatsu da gwiwa yake, me ya haɗa shi da baya?

Ta ce, "Kin taɓa zama a gidan ƙasa?" Na ce a ciki aka haife ni. Ta ce to ƙashi ma haka yake, ba dutse ba ne da aka ajiye sau ɗaya aka gama. Damina na zaizayar katanga, kaka ta yi a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, muddin yaɓe na cim ma zaizaya gida na tsaye. A cikin ƙashin kowane mai rai akwai ƙwayoyin halitta iri biyu, masu kankare tsohon ƙashi da masu yaɓa sabo, dare da rana suna aiki, har a kusan shekara 10 ƙashin mutum gaba ɗaya ya sabunta. Mutum na tara ƙarfin ƙashinsa ne zuwa wajen shekara 30, daga nan sai tattali. Abin da rumatoyid ke yi shi ne, kumburin nan na fitar da wasu sinadarai da ke zuga masu kankara su yawaita su ƙara himma, suna kuma danne masu yaɓe. A bakin gaɓar da ta kumbura sai su ci ƙashin su bar 'yan ramuka, ta nuna mini su a hoton hannuna, kamar inda ɓera ya gutsura. Ƙashin da ke kewaye da gaɓar ya yi shara-shara. Sinadaran kuma ba sa tsayawa a yatsa, jini na kwasar su ya zaga da su ko'ina, har gadon baya da ƙugu. Shi ya sa mai wannan ciwon, ko bai taɓa shan ƙwayar da na sha ba, haɗarin zaizayewar ƙashinsa ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi. Zaizayewar nan ita ce ostiyoforosis.

Sannan ta ɗaga katin da na ba ta. Ta ce wannan dangin magani, sitiroyid, yana kashe wutar kumburi da sauri fiye da komai, shi ya sa su ma likitoci suke ba da shi, amma da awo, na ɗan lokaci. In ya daɗe a jiki yana raunana masu yaɓen nan, yana hana hanji tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga abinci, yana sa ƙoda ta zubar da shi a fitsari, yana kuma cinye naman cinya da na ƙugu har mutum ya riƙa saurin faɗuwa. Ɓarnar ta fi sauri a watannin farko, shi ya sa duk wanda zai sha shi wata 3 ko fiye ya kamata tun farko a yi tunanin kare masa ƙashi, ko da ƙwayar ba ta da yawa. Ni kuwa na yi shekaru. Kwanciyar da nake yi ma ta ba da nata kason, domin ƙashi sai yana ɗaukar nauyin jiki yake riƙe ƙarfinsa, in an daina taka shi sai jiki ya ɗauka ba a bukatarsa. Ɗaukewar al'ada da wuri ta tafi da istirojin, sinadarin da ke taka wa masu kankara birki a jikin mace. Ga barin nono, ga gudun rana wadda da ita fata ke samar da bitamin D. Da ta gama lissafi sai na ga ba ƙofa ɗaya aka shigo mini ta ita ba, duk ƙofofin gidan a buɗe suke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan zaizayar ba ta da ciwo. Gara ce a cikin azara. Daga waje itace lafiya lau, sai ranar da soro ya rufto. Ciwon yatsu ya cika mini kunne da ihu, na bi shi da magani, wanda ke aikinsa shiru kuwa shi ya kusa gurgunta ni.

Babbar 'yata, wadda yanzu take makarantar koyon aikin lafiya, ta karanto mini tarihin ƙwayar nan wani dare muna asibiti. A 1948 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, da abokan aikinsa suka fara yi wa wata matashiya mai irin ciwona allurar kotizon, kakar wannan ƙwayar. Matar da ba ta iya tashi daga gado, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a daɗe ba illolin suka fara bayyana ga waɗanda suka jima a kai. Da ta karanta wurin da matar ta miƙe sai hawaye ya zubo mini, domin na san wannan murnar, na yi ta a ɗakina a Funtuwa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tun kafin a haifi Innata likitoci suka fara sanin sharrin da ke tattare da alherin wannan magani, amma har yau ana ƙulla shi a leda a miƙa wa yaro ɗan aike ba tare da kalma ɗaya ta gargaɗi ba.

Da na ɗan samu sauƙi aka tura ni Abuja gwajin ƙarfin ƙashi da wata na'ura da ake kira deksa. Kwanciya kawai mutum zai yi, wani hannun ƙarfe ya wuce ta saman ƙugu da baya, ko minti 20 ba a yi. Ana gwada ƙashinka ne da na matashi mai lafiya. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 1994 shi ne, daga -1 zuwa sama lafiya, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara rauni, daga -2.5 zuwa ƙasa kuwa zaizayewa ta tabbata. Na gadon bayana ya gangara ƙasa da -3. Da aka auna tsayina aka gwada da abin da ke rubuce a tsohon katina na awon ciki, na rasa kusan santimita 5. Hijabin bai yi ƙarya ba.

Maganin da aka ɗora ni a kai ya bambanta da haɗin kemis ta fuska ɗaya babba: ba ya aiki a dare ɗaya. Metotirezet, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, likita ta maimaita mini wannan har sau uku ta sa 'yata ta rubuta a bango. Ana haɗa shi da folik asid, ana kuma duba jini da hanta lokaci zuwa lokaci, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Sai da na yi kusan wata biyu kafin na ji bambanci, kuma a cikin makonnin nan sau da yawa zuciyata ta raya mini in aika kemis a ƙaro mini 'yar farar. Likita ta ce wannan shi ke zuwa tushen ciwon, in kumburi ya kwanta masu kankara ma za su lafa, don haka maganin gaɓɓan shi ne rabin maganin ƙashin.

Ɗaya rabin shi ne alendironet, shi ma sau ɗaya a mako, wanda ke rage wa masu kankarar ƙarfi. Kafin in fara sai da aka tura ni wurin likitan haƙori ya duba bakina. Yana da ƙa'ida mai tsauri. Da safe ciki babu komai, da cikakken kofin ruwa zalla, sannan ba ci, ba shayi, ba kwanciya, sai an yi aƙalla minti 30, don kada ya ƙone maƙogwaro. Da azumi nakan tashi tun kafin kowa ya motsa in sha, in zauna a kujera ina lazimi har lokacin ya cika, sannan in yi sahur. Aka ƙara mini kalsiyam da bitamin D. Na koma wa kindirmona kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya. Miyar kuka, kwaɗon zogale, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu, duk abincin da na raina a da ashe akwai abin da ƙashi ke so a cikinsu. Kullum da hantsi nakan fito tsakar gida in zauna a rana na ɗan lokaci, hannuwa da ƙwauri a buɗe, tunda daga ni sai yarana.

Ba zan ɓoye ba, kuɗi sun tafi. Kuɗin mota zuwa Zariya, gwajin jini, magani wata bayan wata. Firjin da nake sayar da ƙanƙara da shi ya tafi, 'yan kunnen da na ajiye don auren 'yata ma sun tafi. Baban yara bai taɓa nuna mini gajiya ba, Allah Ya saka masa da alheri. A layin asibiti na ga matan da suka zo sau ɗaya ba su sake dawowa ba, kuma na san ba warkewa suka yi ba. Haɗin kemis ya fi araha a yau, shi ya sa ake komawa gare shi.

Masu gashin ƙashi sun koya mini tafiya kamar ƙaramar yarinya. Yadda zan tashi daga gado ta gefe, yadda zan durƙusa da gwiwa in ɗauki abu maimakon in lanƙwasa baya, yadda zan ƙarfafa naman baya da na cinya. Suka ce in riƙa tafiya kullum, na fara da zagaya tsakar gida sau biyar, yanzu ina zuwa islamiyya da ƙafata in dawo. An ɗauke tabarmar da ke bakin ƙofa mai naɗe baki, an sa ƙwan lantarki a hanyar bayi, an kafa mini ƙarfen dafawa a makewayi, saboda abin da ake gudu yanzu shi ne faɗuwa da karayar ƙugu. Da aka ambaci ƙugu na tuna Innata. Ta tsufa da doro, mun ɗauka haka tsufa yake. Ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya karye, ba ta sake tashi ba har Allah Ya karɓi abarsa bayan 'yan watanni. Da na faɗa wa likita ta rubuta a fayil ɗina, ta ce karayar ƙugu ga uwa ko uba na cikin abubuwan da ake tambaya, domin tana ƙara wa 'ya'ya haɗari.

Abin da ya fi yi mini nauyi a cikin duka shi ne salla. Watanni na yi ban kai goshina ƙasa ba. Ranar farko da na yi salla a kan kujera na kasa ƙarasa Fatiha don kuka. Malamarmu ta islamiyya ta zo duba ni, ta karanto mini hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ta ce, "Yaya, Wanda Ya ɗora miki ciwon Shi Ya ba ki rangwamen." Na riƙe wannan. Yanzu ina iya sujada a farilla in na bi a hankali, nafila kuwa a zaune nake yi.

Shekara huɗu ke nan. Yatsun da suka karkata ba su miƙe ba, likita ta faɗa mini tun farko cewa abin da aka riga aka gutsura ba ya dawowa. Tsayina ma bai dawo ba. Amma kumburin ya kwanta, sandarewar safe ba ta wuce 'yan mintoci, gwajin deksa na biyu ya nuna zaizayar ta tsaya har an ɗan samu ƙari, kuma ban sake karyewa ba, alhamdu lillahi. Fuskata ta koma tawa, har wasu na tambaya ko rashin lafiya nake yi na rame haka.

Kitson kuɗi na bar shi. Jikata ce kaɗai nake yi wa, ranar Asabar, kalaba manya guda shida, muna yi muna hutawa daga hantsi har azahar. Daga ƙwayoyin firedinisolon da nake haɗiya ba lissafi, yanzu saura rabin ƙwaya a rana. Wata mai zuwa zan koma Zariya, a ranar likita za ta duba jinina ta ga ko lokaci ya yi da za a cire wannan rabin.